Unguwarmu a Cikin Akwati

Tun akwatin bai zagayo gabana a kan bel ɗin kaya na filin jirgi ba na san wani abu ya faru. Warin daddawa ne ya riga shi isowa. Wani Bature da ke tsaye kusa da ni ya ja da baya, ya duba ƙasan takalminsa. Ni kuwa na sunkuyar da kai, domin sunana ne a jikin akwatin da jan fenti, Nusaiba, kuma ta wata kusurwa wani abu mai maiƙo yana ɗiga.

"Ke kika sa abinci a ciki?" in ji Malama Rabi, malamarmu ta zane, wadda makaranta ta haɗa ni da ita.

Na girgiza kai.

Abin da na san yana ciki unguwarmu ce. Na gina ta da jar ƙasa a kan faifan katako mai faɗin sallaya: lungunanmu, gidaje ƙanana kamar kwalin ashana, masallaci, da magudanan da kakanni suka bari, masu tattara ruwan damina su kai shi kududdufai uku, daga nan ya gangara rafi. Biyu daga cikin kududdufan nan an cike su tun ina firamare, an dasa shaguna a kai. Na ukun ana ta zuba masa shara ana jiran ya mutu. Tun daga lokacin duk damina da bokiti muke fitar da ruwa daga ɗakin Umma. A nawa ginin na yi wa kududdufan marafai. In an buɗe su aka zuba ruwa, sai ya bi hanyarsa ya wuce. In an rufe, sai ya shiga gidaje. Magudanan kuma na shafe su da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da maginan gargajiya suke yaɓe da shi, don kada ruwa ya ci lakar.

Wannan aikin ne ya kawo mu baje kolin ɗalibai a Dubai, kan biranen da hanyoyin ruwansu ke ɓacewa. Sharaɗinsu shi ne ba siminti, ba roba, kuma dole a zuba ruwa a gaban alƙalai. Wanda ya ci, za a tura masu zanen gine-gine su je su duba unguwarsa. Ni ba kofi nake so ba. So nake wani wanda ake jin maganarsa ya zo ya tsaya a bakin kududdufi na uku kafin a gama binne shi.

A unguwar Abu Hail muka sauka, wurin Kawu Sunusi, ƙanin Umma, wanda ke harkar kago, wato aika wa 'yan kasuwa kaya gida, a kasuwar Murshid Bazaar. Fulat ɗin ƙarami ne, an raba falon da katako, wata mutuniyar Ghana mai suna Sista Memuna tana haya a ɗaya ɓangaren. Ko ruwa ba mu gama sha ba aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Mata ne, 'yan Kano, kowace ta gaishe ni sama-sama sai idonta ya koma kan akwatin. Na rasa yadda aka yi suka san mun iso.

Kawu ya kawo guduma ya zare ƙusoshin. Ni da hannuna na cika akwatin nan da soso da tsofaffin jaridu, ta yadda ko an jefa shi ginin ba zai motsa ba. Babu soso ko ɗaya. A madadinsa ƙulle-ƙulle ne, kowanne da suna a jikin salatif: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi, turaren wuta, da galan ɗin manja wanda murfinsa ya tsage. Aka yi ta cirewa ana kiran suna kamar ranar rabon sakamako. Da aka kai ƙasa sai ga unguwarmu. Hasumiyar masallaci na gane, domin ita kaɗai ta karye gida biyu. Sauran duk sun koma gari, manja ya kwaɓa su.

Wata Hajiya Talatu ta ɗaga ƙullin kukarta tana karkaɗewa.

"Haba jama'a! Wane marar hankali ne ya zuba ƙasa a cikin kayan miya?"

Aka fashe da dariya. Malama Rabi ba ta yi ba.

"Hajiya, ƙasar nan ita ta biya wa kukarki jirgi."

"To Allah ya saka mata," in ji Hajiya Talatu, ta saɓa mayafi ta fita.

Da na kira Umma, muryarta cike da murna, tana tambaya ko kowa ya samu nasa.

"Ai soson kawai muka cire, Nusaiba. Kakarki ta ce ya za a biya kilo a kai soso Dubai, ga mutane can suna marmarin miyar gida? Mun jera a hankali fa, ba mu danna ba. Sai muka kira kafinta ya mayar da ƙusoshin."

Na ce, "Ba komai, Umma." Na kashe wayar na shiga banɗaki, na kunna famfo don kada a ji ni.

Washegari Kawu ya ce in kwantar da hankalina.

"Nan Dubai ce, 'yata. Babu abin da babu. Laka kawai? Yalla, ɗauko mayafinki."

Abin da na fi tunawa da Murshid shi ne ƙarar salatif. Ko'ina ana ja ana yankewa, ana naɗe kwalaye, masu kura suna ratsawa suna ihu a ba su hanya. Kawu ba ya taku goma sai an tsayar da shi. Wannan kwantenarsa ta makale, wancan yana neman kilo, wani bizarsa ta kusa ƙarewa. Ina tsaye a bayansa ina kallon hannuwan masu ɗaurin kaya, yadda suke cusa safa a cikin tukunya, su cusa tukunya a cikin bokiti, ba sa barin ko gurbin yatsa. A nan na fahimci kakata. A wurin mutanenmu fili a cikin akwati asara ce.

Mun shiga shaguna da yawa. An nuna mana lakar wasan yara mai launi-launi a cikin roba. An nuna mana farar hodar yin silin. Duk wanda Kawu ya yi wa bayani sai ya dube ni ya ce, "Ƙasa? Daga Najeriya kika zo neman ƙasa?" Daga ƙarshe wani dillali da ake kira Ɗanliti ya dafa ƙirji.

"Halas, an gama, Alhaji, ka bar min. Jar ƙasa irin ta bayan ganuwa. Gobe in sha Allahu."

Ya karɓi na mota. Gobensa ta zama jibi, ya aiko da buhu. Na kwance bakin. Jan yashin sahara ne. Na jiƙa shi, na dunƙula a hannu, na buɗe, ya watse. Kawu ya kira Ɗanliti, waya a kashe.

"Wallahi launin iri ɗaya ne," in ji Kawu, yana murza yashin.

An ce akwai wani Ba'indiye mai sayar da tukwane a tsallaken ruwa, sai ni da Malama muka hau ƙaramin jirgin katakon da suke kira abra. Ruwan nan ya ratsa tsakiyar birni, shaguna da masallatai duk shi suke fuskanta. Na yi ta duba gefe-gefe ina neman ledar ruwa ko ɗaya tana yawo, ban gani ba. A gida kowane gini baya yake ba magudana, ta nan ake fitar da bututun wanka. Malama ta ce can gaba ma sun haƙa wata sabuwar hanyar ruwa da gangan, sun yi mata gadoji.

"Su suna haƙawa, mu muna cikewa," ta ce.

Mai tukwanen ya ce gasassu ake kawo masa daga ƙasarsu, bai taɓa ganin ɗanyar lakar ba. A hanyar dawowa na lura tun da na sauka ƙafata ba ta taka ƙasa ba. Ko'ina daɓe ne, ko kwalta, ko tayil. Har gindin bishiya an kewaye shi da ƙarfe an zuba tsakuwa. Na tuna ƙamshin tsakar gidanmu in Umma ta yayyafa ruwa kafin shara, sai na juya fuska wajen ruwa don kada Malama ta gani.

Sista Memuna ce ta same ni a baranda ina tsintar abin da ya rage na ginin. Aikin gyaran ɗakuna take yi a wani otal, kullum tana dawowa ƙafarta a kumbure. Ba mu taɓa wuce gaisuwa ba. Hausarsu ta Zango ba ta ware mace, kowa "ka" ne.

"Ƙanwata, tun da ka zo kana kuka a banɗaki. Katako ne fa tsakaninmu, ina ji. Laka ne kana nema?"

Na ɗaga kai.

"Chale, ƙawata, me ya sa ba ka tambaye ni ba? Alhazai nan kwali kawai suka sani. Na yi aiki a Hatta, cikin duwatsu. Akwai gona, akwai laka. Ranar hutuna mu je."

Ranar hutun nata guda ɗaya ce a mako, kuma na san barci take yi a cikinta. Ta ɗauko bokitan fenti biyu ta wanke, muka hau bas mu uku da Malama.

Hanyar Hatta doguwa ce. Benaye suka ƙare, yashi ya fara, sannan duwatsu baƙaƙe suka taso, tsirara, ba ciyawa. Ban yarda akwai ruwa a wurin ba sai da muka bi wani lungu muka shiga inuwar dabino. Nan na ga abin da suke kira falaj. 'Yar magudana ce, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, ruwa garau yana gudu a cikinta. Na tsuguna na bi ta da ido. Duk tsawonta a ƙarƙashin inuwa take, rana ba ta shan ruwan. Inda ta rabu biyu an tokare ɓangare ɗaya da faffaɗan dutse da tsumma, in lokacin wata gona ya yi sai a ɗage a mayar ɗaya gefen. Kafin ta shiga babban tafki kuma akwai wani ɗan rami inda ruwan ke lafawa, laka ta kwanta, sannan ya wuce da tsabtarsa. Lakar da ake kwashewa daga ramin ce aka tara a gefe.

Mai gonar dattijo ne, yana zaune a kan kujerar roba. Sista Memuna ta yi masa bayani da guntun Larabcinta da hannuwa. Ya dube ni, ya dubi bokitan, ya yi dariya har da tari, ya nuna tarin lakar. Da za mu tafi ya cika min gefen mayafi da dabino. Lakar ba ja ba ce, toka-toka ce, amma da na dunƙula na buɗe hannu sai ta zauna, har da zanen tafina a jikinta.

A bakin bas direba ya ga bokitan ya ce ba za a shigar masa da taɓo ba. Sista Memuna ta cire zanen da ta yafa ta naɗe su tsaf, ta ɗora ɗaya a cinyarta, ta ce masa kayan mata ne, ko yana so ya duba? Bai duba ba.

A baranda na sake gina unguwarmu, a kan tsohon faifan da har yanzu yake warin manja. Hannuna ya san hanya, bai ɗauke ni lokaci kamar na farko ba. Na ƙara abin da na gano a Hatta: ɗan rami a gaban kowane kududdufi don shara da yashi su tsaya a nan a kwashe, da jerin bishiyoyi a bakin magudana, waɗanda na yi da tsinken dabino. Ya fi na farko kyau, wannan ko Malama ta faɗa. Amma babu makuba. Kawu ya tambaya a duk Murshid, yawancinsu ma ba su san sunan ba. Bishiya ɗaya ce ta haifi makuba da daddawa, daddawar kaɗai ta samu biza.

Sai matsalar bushewa. Mai gadin ginin ya hana mu hawa rufi. A baranda rana ta ƙona saman lakar ya tsattsage, cikin yana ɗanye. Na toshe tsagar, na matsar da faifan inuwa. Da safe na tarar na'urar sanyaya ɗaki ta fulat ɗin sama ta yi ta ɗiga a kai, ta huda rufin masallaci ta narkar da lungu guda. Ƙasar da ba a ruwan sama, amma ni sai da ruwa ya same ni daga sama. Anti Hajara, matar Kawu, ta ara min na'urar busar da gashi. Malama ta danna bangon wani gida da farce, farcen ya shige.

"Zai ɗauki ruwa sau ɗaya, Nusaiba. Sau ɗaya tak. Kada ki gwada, kada ki bari kowa ya gwada."

Zauren baje kolin sanyi ne da shi kamar cikin firji. A damarmu wasu ɗalibai ne daga Asiya, sun yi birninsu da gora, ruwa yana zagayawa da kansa da hasken rana. A hagu wasu Turawa, nasu na katako ne sumul, har da ƙananan jirage. Su duk wanda ya zo sai su kunna masa. Ni ina tsaye da butar shayin Anti Hajara a hannu, duk wanda ya ce in nuna masa sai in girgiza kai. Wata yarinya daga teburin hagu ta matso ta sunsuna, ta tambaye ni da fara'a ko ƙamshin yana cikin aikin.

Sai aka sanar cewa alƙalan biyu ne, kuma ba tare za su zagaya ba. Ɗaya ta fara daga wannan ƙarshen, ɗayan daga wancan. Malama ta bi wani mai shirya taron har bakin ƙofa tana roƙo a haɗa mana su. Ya yi ta murmushi yana nuna mata agogo. Ta dawo tana huci.

"Namijin shi ne babba, an ce makinsa ya fi nauyi. Ki yi wa matar bayani da baki, ki ajiye ruwan."

Matar ce ta fara isowa. Balarabiya ce mai zanen gine-gine, da baƙar abaya da tabarau. Na buɗe baki, Turancin da na haddace ya ɓace min. Ba ta jira ni ba. Ta tattare abayarta ta durƙusa har idonta ya yi daidai da lungunan, ta bi magudana da kallo tun daga masallaci, ta tsaya a kan ɗan ramin, ta ɗago ta dube ni. Tun safe mutane ke wucewa, ba wanda ya durƙusa.

"Yalla, habibti," ta ce a hankali, tana nuna min butar in zuba.

Na ji Malama ta taɓa min gwiwar hannu. Na ɗaga butar na zuba.

Ruwan ya sauka a kan rufin gidaje, ya gangara lunguna, ya sami magudana. Ya bi ƙarƙashin bishiyoyin, ya lafa a ramin, ya cika kududdufi na farko, ya tsallaka na biyu da na uku, ya fita ta rafi ya zuba a kwanon da na tara. Ko gida ɗaya bai jiƙe daga ƙasa ba. Na ɗauki marafai biyu na rufe kududdufan da aka cike, na ci gaba da zubawa. Ruwan ya zo ya tarar ba hanya, ya tsaya, ya juyo. Ya hau lungu, ya shiga ƙofofi. Kududdufi na uku ya cika ya tumbatsa. Sai bangaye suka fara zama, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba ƙara.

Matar ta nuna na ukun da biro.

"Wannan fa? A gaske, yanzu?"

"Yana nan da rai," na ce. Ita ce maganata ta farko da ta fito sosai a ƙasar nan.

Ta yi rubutu mai tsawo, ta dafa kafaɗata, ta wuce.

Lokacin da babban alƙalin ya iso, abin da ke kan teburin taɓo ne da tsinkayen dabino a tsaye. Ya duba takardarsa, ya duba teburin.

"Ina aikin?"

"Ga shi nan," na ce. "Haka unguwarmu take zama duk damina."

Malama ta yi masa bayani, ta nuna masa abin da ta ɗauka a waya. Ya kalla har ƙarshe, ya ce ya yi kyau ƙwarai, amma ƙa'ida ita ce ya ga ruwan da idonsa, ba zai ba da maki a kan abin da bai gani ba. Bai yi faɗa ba, har haƙuri ya ba mu. Da ma ya yi faɗan, da na sami wanda zan ji haushi.

Masu gora ne suka ci. Na tafa musu, domin aikinsu ya yi kyau, kuma an ce su ma birninsu yana nitsewa. Muka kankare lakar Hatta a cikin bokiti, Malama ba ta ce min ga abin da ya kamata in yi ba.

A harabar zauren na kira Umma. Na gaya mata ba mu ci ba, ba wanda zai zo. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na ji kamar akwai abin da take riƙewa.

"Umma, mene ne?"

"Tifa ta zo da safe," ta ce. "Ta juye ƙasa a kududdufin, ta gefen masallaci. An ce gobe ma za ta dawo."

"Ruwan fa?"

"Bari in leƙa."

Na ji takunta, na ji ƙarar ƙyauren zaure, na ji hayaniyar lungunmu. Ina tsaye a gaban wani dogon tafki da aka yi don ado kawai, ruwa yana tashi sama yana dawowa, ina jira.

"Akwai saura," in ji Umma. "Ta gabas. Agwagi ma na ciki."